Inci Tara a Igiyar Kaka

Garin a jikin dutse yake, hawa uku, kamar an jera shi a kan matakala. Hawan sama shi ne tsohon gari, gidajensa na dutse ne masu gajerun ƙofofi, sai mutum ya sunkuya kafin ya shiga. A hawan tsakiya kasuwa take, da makaranta, da ɗakin shan magani. Hawan ƙasa kuwa, wanda ya jingina da titin mota, shi ne sabuwar unguwa. Rana ba ta leƙo garin sai wajen ƙarfe goma, saboda dutsen gabas ya tare ta, kuma kafin huɗu ta cika ta faɗa bayan na yamma. Wannan ne ya rikita zakarun garin, kowanne yana cara lokacin da ya ga dama. Babu fili ko ɗaya da ya kwanta daidai. In albasa ta suɓuce wa mace a hawan sama ba ta bin ta, sai dai ta yafe wa mutanen ƙasa.

Masu sassaƙa dutsen niƙa ne suka fara zama a wurin. Abin da ya kawo su wani dutse ne ruwan toka wanda ba ya sakin yashi a cikin niƙa. Suna sassaƙawa, jakuna na saukarwa. Wani lokaci in sun fasa dutse sai su tarar da katantanwa a ciki, ita ma ta zama dutse. Wani malamin makaranta ya taɓa cewa teku ce ta kwanta a nan tun duniya na ɗanya, tsofaffi suka ce to da wace ƙafa ta hau. Da injin niƙa ya zo, sana'ar ta mutu. Daga baya wani kamfani ya yi shekara goma yana fasa gefen dutsen da nakiya yana kwasar tsakuwa, ya tafi ya bar wani rami mai koren ruwa da ko tsuntsu ba ya sha.

Amma abin da ya fi zama a ran mutanen garin ya girmi kamfanin. Shekara tamanin da wani abu da suka wuce aka yi kwana tara ana ruwa. A rana ta goma, da tsakar rana, wani ɓarin dutse ya zaftaro ya rufe gida arba'in da ɗaya a gindin dutsen. Ba a tono kowa ba, don babu ta inda za a fara. Ciyawa ta fito a kai, awakin da suka ci ta suka fi na ko'ina ƙiba, aka daɗe ba a cin namansu. A saman inda ɓarin ya ɓalle sai aka ga wani ya rage a rataye, wanda ya ninka na farko girma. A bayansa ga wata tsaga, in ka jefa tsakuwa ba ka jin saukarta.

Wani maƙeri da ya rasa ƙannensa biyu a ƙarƙashin dutsen ya hau ya kafa turakun ƙarfe guda biyu, ɗaya a wannan gefen tsagar, ɗaya a wancan. Ya tufka igiyar fata, ya sa mata zobe a baki ɗaya, a ɗaya bakin ya yi ƙulli daidai inda ta taɓa turke na biyu, ya naɗe ƙullin da jan zare. Ya kafa doka uku. A auna kowace Litinin. Kada a canza igiyar kuma kada a taɓa ƙullin, don ita kaɗai ta san yadda tsagar take a ranar farko. Ranar da ƙulli ya gaza kaiwa ga turke da yatsu huɗu, duk wanda ke ƙasa ya kwashe iyalinsa.

Maƙerin ya bar wa ɗansa aikin, ɗan ya bar wa nasa ɗan, wanda gari ya manta sunansa yake ce masa Mai Igiya. Shekara talatin da huɗu ke nan yana hawa. Yakan zura zoben a turke, ya taka katakon da aka gitta a kan tsagar, ya tokare ƙafa a gindin ɗaya turken, ya ja har ƙulli ya sumbaci ƙarfe. Daga nan ya sauko ya tsaya a bakin kasuwa ya ce, “Yana nan!” Mahauta su amsa masa, “Ya zauna lafiya!” Duk wata yakan shafe igiyar da kitse kada ta bushe, kamar yadda ya ga mahaifinsa na yi.

Shekara ashirin da suka wuce, da aka zuba wa titi kwalta, kowa ya so zama kusa da mota, kuma babu wuri sai kan gidajen nan da aka binne. Mai gari ya kira shi ya tambaye shi. Ya ce tun da ya karɓi igiya ƙulli bai motsa ko da silin gashi ba. A kan maganarsa aka yi gini. Da kafintan garin ya auri autarsa, shi ya kama hannunsa ya nuna masa fili a can ya ce, “Ku gina, ni ne shaida.”

Saura wata ɗaya damina ta faɗi ya ga wani sili ya fara tsinkewa kusa da zoben. Ya naɗe igiyar ya kai wa yayarsa, tela ce a hawan tsakiya. Shagon nata siriri ne, an tokare ƙafa ɗaya ta keken ɗinkin da bulo don kada ya gangara. Ta haura saba'in, tabaraunta ɗaure da zare.

“Uwargida ka kawo asibiti?” in ji ta. “Ai na ce tun da matarka ta rasu wannan ce ta gaje ɗakin.”

“Yaya, ki ɗan naɗe min nan. Ban ce ki yanka kome ba.”

“Ji shi. Ni zai koya wa almakashi.”

Tana da wata ɗabi'a, duk abin da ya shigo shagon sai ta auna shi, ko ba a sa ta ba. Ta shimfiɗa igiyar a kan teburin yanka, ta bi ta da tef yadi bayan yadi, tana motsa baki. Da ta kai ƙulli sai ta tsaya.

“Wa ya yi mata ƙari?”

“Ƙari kamar yaya?”

“Yadi shida ce. Ranar da Baba ya sayo min tef na farko ita na fara aunawa, har ya dungure min kai don na taɓa ta ba izini. Yadi shida cif, daga zobe zuwa ƙulli. Yanzu ga shida da inci tara.”

“Tef ɗinki ne ya tsufa.”

Ta jawo sandar awo ta katako mai bakin ƙarfe ta sake bi. Inci taran suna nan.

“Fata ce fa, ƙanena,” ta ce, muryarta ta sauka. “Takalmin fata ma shekara ɗaya yake yi ya buɗe. Kai kana shafa mata kitse, ruwa na dukanta, kana ja kamar mai fid da saniya daga rami. Baba ma haka ya yi.”

“Yatsu huɗu inci nawa ne?”

“Naka inci uku. Na Kaka a ce uku da rabi.”

Ya nemi buhun ƙyallaye ya zauna. Abin da ya fara zuwar masa katakon nan ne da yake takawa. Sau biyu ya canza shi da wanda ya fi tsawo, kuma duk sau biyun ya ce wa kansa bakin tsagar ne ke zaizayewa. Ashe dutse na tafiya, igiya na raka shi.

Daga shagon bai koma gida ba. Ya gangara sabuwar unguwa, ya bi layin da ƙorama ke ratsawa ta bayan gidaje, har gidan Auta. Yau ne ya fara ɗaga kai daga tsakar gidan ya dubi abin da ke samansu. Ɓarin dutsen ya tare rabin sama, cikinsa baƙi, wasu bishiyoyi a kansa sun karkato gaba kamar masu leƙen rijiya.

Kafinta na tsugune a ƙofar ɗaki yana kankare gefen ƙyaure. Ya miƙe ya gaishe shi.

“Baba, sannu da zuwa. Ka ganni nan, a gidana ma ban tsira ba. Ƙofofin unguwar nan duk shekara sai sun ƙi rufuwa. Ni dai Allah ya ƙara, da su nake ciyar da 'yarka.”

“Tun yaushe suke haka?”

“An fi shekara biyar. Sanyin ƙasa ne.”

Auta ta fito da 'yarta mai shekara uku a kafaɗa, ta shimfiɗa masa tabarma. Ya ƙi zama. A tsaye ya faɗa musu abin da aka gani a shago, bai rage kome ba. Ya ce su tattara su hau gidansa kafin ruwa ya sauka, ɗaki biyu na nan babu kowa.

Kafinta ya share garin katako daga hannunsa.

“Baba, ba raina maganarka na yi ba. Amma Gwaggo shekarunta nawa lokacin da ta yi wancan awon?”

“Sha biyu.”

“Jiya ta ɗinka min wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. In bar gidan da na yi shekara shida ina ginawa, da shagona, saboda abin da ta tuna tun tana 'yar sha biyu?”

“Ni na ce ka gina. Ni nake cewa ka fita.”

“To wanne zan kama a ciki, Baba?”

Auta ta ƙara rungume yarinyar.

Washegari ya je wurin mai gari. Mai gari dattijo ne mai ciwon gwiwa, shi ma yana da shaguna uku a bakin titi. Ya saurare shi har ƙarshe yana murza gwiwarsa.

“Tambaya ɗaya zan yi maka. Litinin da ta wuce ƙulli ya taɓa turke?”

“Ya taɓa, ranka ya daɗe. Amma igiyar ce...”

“Dokar kakanka ta ce in ƙulli ya gaza. Ba ta ce in tela ta tuna ba. Gida ɗari da ashirin ne a ƙasa. In ce su tashi su je ina? Hawan sama ko akuya ba ta da wurin kwana.”

Duk da haka ya ce zai rubuta wa hukuma a birni a turo masu awo, kuma ya rubuta. Ya ce ranar Litinin a hau da shaidu kowa ya gani da idonsa.

Mutum kusan talatin suka hau. Mai Igiya ya zura zobe, ya taka katako, ya ja a hankali yadda bai taɓa yi ba, yana fatan ko yau igiyar za ta ji kunya. Fatar ta miƙe lumui, ƙulli ya je ya kwanta a jikin turke kamar jariri a ƙirjin uwa.

“Yana nan!” in ji wani mahauci, aka kwashe da dariya.

“Tsoho, igiyarka ta fi ka hankali!”

Ya yi ta nuna musu tsawon katakon, da bishiyoyin da suka karkata, da wata ƙaramar tsaga da ta fito a gefe. Suka ce bishiyar kan dutse da ma ba ta tsayuwa daidai. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koya musu su yarda da igiyar nan fiye da idonsu, kuma sun koya.

Kwana shida ya yi yana juya abin a ransa. Amsa ba ta zo daga birni ba. Gajimare ya fara taruwa a kan dutsen gabas. Ranar Lahadi da rana ya rufe ƙofarsa, ya aikata abin da kakansa ya hana. Ya warware jan zaren, ya sa tsinken ƙarfe ya kwance ƙullin da ya shekara tamanin a ɗaure, ya auna inci tara baya da sandar da ya aro wurin Yaya, ya sake ƙullawa. A ganinsa bai yi ƙarya ba, ya mai da igiya yadi shidanta ne. Sai dai inda tsohon ƙullin ya zauna fatar ta yi fari ta lanƙwashe. Ya shafa mata kitse da toka har ta yi duhu.

Litinin ya sake kiran shaidu. Wannan karon ƙulli ya tsaya a iska, tsakaninsa da turke fiye da taƙi guda. Wata mata ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Mai gari da aka hau da shi a kan jaki ya ce a ba shi ruwa. Mai Igiya ya ga fuskokinsu sun canza, ya ce a ransa yanzu kam za su tashi daga ƙasa.

Sai Kafinta ya tako katakon ya tsugunna. Mutum ne da ya saba duba katako ya gane inda aka cike rami. Ya kama jelar igiyar da ta rage bayan ƙulli, ya murza ta da babban yatsa. Tokar ta fita, farin wurin ya bayyana.

“Baba,” ya ce a hankali, “wannan ƙullin sabo ne.”

“Sabo ne. A nan ya kamata ya zauna.”

“Ka taɓa ƙulli?” in ji mai gari.

“Na mai da shi inda Kaka ya...”

Ba a bar shi ya ƙarasa ba. Wani ya ce so yake a watse ya saye filayen. Wani ya ce tsufa ne, a tausaya masa. Matar da ta yi salati ta ce Allah ya isa tsoron da ya ba ta. A nan take mai gari ya yanke hukunci: tun da ba shi da ɗa namiji, igiya ta koma hannun surukinsa. Kafinta ya karɓa bai dubi fuskarsa ba, ya kwance sabon ƙullin ya mai da shi kan farin wurin.

Litinin ta gaba Mai Igiya na zaune a shagon Yaya ya ji muryar surukinsa daga bakin kasuwa: “Yana nan!” Mahauta suka amsa.

Da yamma Auta ta hawo da yarinyar da ƙullin kayanta. Ta ajiye ta a cinyar Yaya.

“Gwaggo, ki riƙe min ita har damina ta wuce. Na ce masa tari take yi, sanyin ƙasa ba ya yi mata.”

“Ke fa?” in ji mahaifinta.

“Baba, na yarda da kai. Tun ranar farko na yarda. Amma in na fito, na gaya wa gari mijina maƙaryaci ne. Shi kuma ba ƙarya yake ba, abin da ka koya masa yake yi.”

“To ki share min ɗakin da kuke ajiye katako.”

“Me za ka yi a can?”

“Zama.”

Ya sauka da tabarmarsa da bargo. Kafinta bai hana ba, har gado ya haɗa masa, sai dai gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Ruwa ya sauka. Kullum Mai Igiya na zaune a bayan gida a ƙarƙashin 'yar rumfa, takalmi a ƙafa, fuskarsa na duban sama. Maƙwabta suka sa masa sabon suna, Mai Gadin Dutse. In za su wuce sai su ce, “Yau bai ce zai sauko ba?”

A mako na uku aka yi kwana biyar ruwa bai ɗauke ba. Ran na shida da hantsi, Kafinta ya tafi shagonsa a ƙarshen layi ta wajen titi, Auta na wanke-wanke. Mai Igiya ya ji wani abu ya ɓace daga kunnensa, ya daɗe bai gane ko mene ne ba. Sai ya duba ƙoramar bayan gida. Jiya ta cika har tana taɓa katanga. Yanzu ana zabga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ita kuwa ta ƙafe, sai laka da wasu 'yan kwaɗi suna tsalle. Duk ruwan dutsen ya sami wata hanyar, kuma babu wata hanya a can sama sai tsagar.

Ya san in ya ce dutse ne za ta ce bari ta kira mijinta, mijin kuma zai ce bari ya gama abin da ke hannunsa. Ya shiga tsakar gida da gudu.

“Auta! Yarinyar ta jawo tukunyar ruwan zafi a wurin Gwaggonki! Yanzu aka aiko!”

Ta saki kwano. Ko mayafi ba ta ɗauka ba ta fita, ta kama matakalar da ke hawa kasuwa. Ya biyo ta yana dukan ƙofofi da tafin hannu.

“Ku fito! Ƙorama ta ƙafe! Ku fito!”

Wani ya leƙo ta taga ya ce, “Tsoho, je ka kwanta.” Wata mata ta fito ta ga ƙoramar da idonta, ta koma ta jawo 'ya'yanta. Gida uku ko huɗu suka bi ta.

A gindin matakala hanya ta rabu. Hagu ta gangara shagon Kafinta, tafiyar minti uku ga mai ƙafa. Sama kuma ga Auta tana hawa, ga wata mai sayar da gawayi tana saukowa daga kasuwa. Ya ga in suka haɗu Auta za ta tambaye ta, ita kuwa za ta ce yanzu ta wuce shagon ta ga yarinya na wasa da ƙyalle. Auta za ta juyo. Ya dubi hagu sau ɗaya, ya kama matakala. Ya cim musu daidai lokacin da Auta ta buɗe baki, ya tura ta gaba, ya fizgo hannun mai gawayin ita ma.

Suna kaiwa bakin kasuwa ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafarsu. Ƙarar ba ta yi kama da tsawa ba, ta fi kama da ana jan babban gado a ɗakin sama, sai dai ba ta ƙarewa. Iska ta taso daga ƙasa ta kwashe rumfunan mahauta. Da abin ya lafa, daga bakin kasuwa har titi babu rufin gida ko ɗaya, sai jar ƙasa da duwatsu suna tururi a cikin ruwan sama. Gida saba'in da shida ya rufe, har da shagon Kafinta da rabin titin.

Yaya ta fito ƙofar shago da yarinyar a hannu, lafiyarta ƙalau, tana tsotsar maɓalli. Auta ta dubi 'yarta, ta dubi inda unguwarsu take, sannan ta juyo ta dubi mahaifinta.

Masu awo daga birni sun iso bayan kwana huɗu tare da motocin tono. An yi mako biyu ana haƙa, aka sami waɗanda aka samu. Ba a sami Kafinta ba.

Auta ta koma gidan mahaifinta a hawan sama, don babu wani wurin. Sai da aka yi wata guda sannan ta yi masa magana. Ta kawo masa abinci ta ajiye, ta tsaya a bakin ƙofa.

“Ka san dutsen zai sauko a ranar?”

“Na sani.”

“Ka je shagon mijina?”

“Ban je ba.”

“Da sauran lokaci?”

Ya dubi kwanon. Zai iya cewa babu, kuma ba mai ƙaryata shi a duniya.

“Wataƙila da na kai. Ban san ko da ya fito ba. Na ji tsoron ki juyo.”

“Da ka bar ni na juyo,” in ji ta.

Ta ɗauki tulu ta fita ɗebo ruwa. Tun daga ranar ba ta fasa masa kome ba. Tana dafa masa, tana wanke masa kaya, in ya yi tari ta kawo ruwan ɗumi. Amma kalmar Baba ba ta sake fitowa daga bakinta ba. In za ta kira shi cin abinci sai ta ce wa yarinyar, “Je ki ce wa kakanki an gama.” Yarinyar ta zo ta ja shi da hannu, shi kuma ya tashi ya bi ta.